Kiɗan da Ba Ya Kiran Sunan Kowa

A ƙasar Hausa kowane kiɗa da mai shi. Tambari na sarki ne, ba a buga wa talaka komai dukiyarsa. Kalangu ya fi kusa da mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera ce, gangar noma kuwa ta masu gayya ce. Ko mawaƙi bai buɗe baki ba, abin kiɗan kansa magana yake yi, domin yana da take, taken kuma na wani ne, ya san kansa, jama'a ma sun san shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Lafiya ranar hawan salla ya ji kakaki da algaita, ya san kirari ake yi, ana tuna wa kowa matsayinsa, daga zuriyar Dunama, wanda ya kafa masarautar, har zuwa mai riƙe da linzami. Malaman da suka bi diddigin wannan fanni, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun fi kasa makaɗanmu bisa waɗanda suke yi wa kiɗa: na fada, na sana'a, na maza, na jama'a. A cikin wannan rabo babu gurbin makaɗin da aikinsa shi ne ya taya mutum zama shi kaɗai.

Shi ya sa abin da ke shiga kunnen wasu matasan garin Lafiya a 'yan shekarun nan ya isa a tsaya a kansa. Ba su da yawa, kuma ba sa tallar abin. Ɗalibin jami'ar tarayya ne da ke haya a Gandu, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, ko ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ke haɗa rahoto bayan isha'i. A wayarsu, tsakanin karatun Minshawi da waƙoƙin Hamisu Breaker, akwai wani jerin kiɗa marar murya. Fiyano ne na katako mai tsirkiya, ba irin na situdiyon Kano da ake cashewa da shi ba. Ana taɓa shi a hankali, sauti uku ko huɗu suna zagayawa, can ƙasa gogen Turawa yana ja a tsawace, wani lokaci har da yayyafi. A YouTube da Spotify ana kiransa ambiyent ko niyokilasik, mu ce kiɗan natsuwa. Babu amshi, babu rawa, babu gaggawa. Dattijo in ya ji sai ya ce, "To kai yaro, yaushe za a fara waƙar?" Ba za a fara ba, Baba. Rashin farawar nan ake nema.

Abin yana da asali, kuma asalinsa ya fi yadda ake zato ban dariya. Wani makaɗin Faransa, Erik Satie, shi ne a 1917 ya fara tsara abin da ya kira kiɗan kayan ɗaki, wanda yake so ya zauna a wuri yadda kujera take zaune, ba a kula da shi. A 1920 aka gwada shi a Paris lokacin hutun wani wasa. Satie ya roƙi mutane su ci gaba da hirarsu da zirga-zirgarsu, su kuwa da jin an fara kiɗa sai suka koma kujerunsu suka yi tsit, shi kuma ya fusata yana bin su yana cewa su yi surutu. Sai bayan fiye da shekara hamsin ra'ayin ya sami mai riƙe shi. A 1975 mota ta buge Brian Eno a Landan, yana kwance yana jinya aka kawo masa faifan wani tsohon kiɗan tsirkiya, aka kunna aka tafi. Sautin ya yi ƙasa ƙwarai, ana ruwa a waje, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara. Dole ya saurari kiɗan a matsayin ɗaya daga cikin sautukan ɗakin, tare da ruwan. A 1978 ya fitar da faifan da ya sa wa suna Music for Airports, bayan zaman jira da ya yi a filin jirgin Kolon na Jamus. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce: ya yanka zaren kaset gida-gida, kowanne da tsawonsa, ya haɗa bakin kowanne ya zama zobe, ya bar su suna juyawa tare. Tunda tsawonsu ya bambanta, sautukan ba sa sake haɗuwa yadda suka haɗu a baya. Kunne yana jin abu guda, amma abin bai taɓa zama guda ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai Arvo Pärt, mutumin Estoniya, wanda ya yi kusan shekara takwas a ƙarƙashin mulkin Sobiyet bai fitar da wani abin kirki ba, yana nazarin tsofaffin waƙoƙin coci. Da ya dawo a 1976 sai ya dawo da kiɗa mai 'yan sautuka ƙalilan, kowanne ana barinsa ya mutu da kansa kafin na gaba ya zo. Daga waɗannan rassa biyu, na'urar Eno da haƙurin Pärt, 'yan zamanin nan suka fito: Max Richter, da Ólafur Arnalds na Aisland, da Ludovico Einaudi na Italiya, da Nils Frahm na Jamus. Labarin Frahm ya fi burge ni. Yana son yin kiɗa da daddare a gidansa a Berlin amma yana jin nauyin maƙwabta, sai ya sa ƙyalle mai kauri tsakanin gudumomin fiyanon da tsirkiyoyinsa don ya kashe ƙarar, ya kuma matso da makirfo har cikin akwatin. Faifan da ya fito a 2011 ana jin ƙarar katako da numfashin mai kiɗan a cikinsa, kuma yau da yawa daga masu wannan salo shi suke kwaikwayo. Mu da maƙwabcinmu ke fito da sifika ƙofar gida ranar suna ya juyo da bakinta wajen tagarmu, ya kamata mu jinjina wa salon da kunyar maƙwabta ta haifa. Richter kuma a 2015 ya fitar da Sleep, kiɗa mai tsawon fiye da awa 8 da aka tsara don a yi barci a cikinsa; inda ake yin sa a gaban jama'a gadaje ake jerawa maimakon kujeru.

To me ya haɗa wannan da Lafiya? Amsa ta farko a fili take, ƙara ce. Kafin 1 ga Oktoba 1996 garin nan hedkwatar ƙaramar hukuma ce a tsohuwar Jihar Filato, garin doya da riɗi da agushi. Da ya zama babban birnin jiha sai ma'aikata suka kwararo, sannan a 2011 aka kafa jami'ar tarayya, ga kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan marigayi Sarki Isa Mustapha Agwai. Babbar hanyar da ta taso daga Abuja ta bi Keffi da Akwanga zuwa Makurdi ta nan take ratsawa, tireloli ba sa hutawa. Ƙara da Keke Napep da 'yan acaɓa, da injin markaɗe, da masu walda, da mai maganin gargajiya da ya ɗaura lasifika a kan mota yana lissafa cututtukan da bai kamata yara su ji ba. Da yamma in wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa, gida-gida. Masallatai da majami'u kowa da lasifikarsa, kuma a gari mai addinai biyu da harsuna da yawa, Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Barebari da Hausawa, ƙarfin lasifika wani lokaci sanarwa ce cewa muna nan. Zafin Maris da Afrilu ba ya barin a rufe taga. Ginin ma ya juya mana baya: soron ƙasa mai kaurin bango yana shanye sauti, zaure kuma yana raba titi da tsakar gida, amma bulo da kwano a gidan haya ɗaki-ɗaki, tarin maƙwabci ma ba sa tarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da ma'auni: cikin ɗakin barci kada ƙara mai ɗorewa ta wuce desibel 30, ƙarar titi da daddare kuma, a shawararta ta 2018 ga ƙasashen Turai, ta tsaya ƙasa da 45. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce, ƙaramin janareta a bayan taga ya fi haka. Najeriya ma tana da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009 a hannun hukumar NESREA. Wanda ya taɓa ganin an rufe injin wani a unguwarsu saboda su, ya ɗaga hannu.

A irin wannan hali iyafis ya zama zana: ba ta hana sauti shigowa duka, amma tana nuna inda gidan mutum ya fara. Kuma in za a zuba wani abu a kunne don a rufe hayaniya, kiɗa marar kalmomi ya fi dacewa da mai karatu. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa magana, ko da ba a kula da ita, tana yi wa ƙwaƙwalwa katsalandan lokacin da take riƙe da wasu kalmomi. Bahaushe ba ya iya jin Shata ya ƙi bin maganar. Waƙarmu an gina ta ne don ta kama hankali, kuma tana kamawa. Shi kuwa wannan kiɗa tafiyarsa a hankali take, kusa da bugun zuciyar mai hutawa, ba ya tashi farat ɗaya, ba ya faɗuwa farat ɗaya, kuma saboda maimaici kunne yana saurin sanin abin da ke tafe ya daina tsaro. Akwai ma shaida daga asibiti: wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje 73 a kan marasa lafiya kusan 7,000, ya nuna sauraron kiɗa yana rage zafi da fargaba bayan tiyata. Amma kada a zarce. Maganar da ta yaɗu tun 1993 cewa kiɗan Mozart yana ƙara basira ba ta tsaya da ƙafarta ba da aka sake gwadawa. Binciken da ya fi ba ni abin tunani shi ne na Luciano Bernardi a Italiya, wanda aka buga a 2006. Ya kunna wa mutane kiɗa iri-iri yana auna bugun zuciya da hawan jini, ya kuma saka shiru na minti biyu a tsakani. Jikinsu ya fi saki a cikin minti biyun nan fiye da lokacin kowane kiɗa, har da mafi sanyi. Ke nan abin da jiki ke nema shiru ne, kiɗan kuwa rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki.

Sai dai ƙara kaɗai ba ta isa bayani ba, don da ita ce kawai da audugar toshe kunne ta wadatar. Ni a ganina babban abin da ke jan matashi zuwa wannan kiɗa shi ne ba ya neman komai a wurinsa. Mu duba yawan sautukan da ke zuwa kunnenmu daga asuba zuwa dare, mu ga guda nawa ne ba su zo da buƙata ba. Maroƙi yana so a yi masa kari. Mawaƙin siyasa yana son ƙuri'a, in bai samu ba ya koma zambo. Waƙar soyayya tana so ka tuna wadda ta ƙi ka. Mai wa'azi yana so ka gyara, kuma gaskiyarsa. Mai talla yana son kuɗinka, wayar da ke kira daga ƙauye ita ma haka. Kowace murya tana tuna wa mutum shi ɗan wane ne, me ake binsa, wane ɓangare yake. A garin da aka saba tambayar mutum ƙabilarsa da addininsa kafin a gama gaisawa, sautin da ba shi da harshe ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ɗalibar Eggon da ɗalibar Barebari da ke kwana ɗaki ɗaya za su iya yin gardama a kan wace waƙa za a kunna, amma fiyanon ɗan Aisland ba na gidan kowa ba ne a cikinsu.

Akwai kuma batun kaɗaici, wanda al'adarmu ba ta yarda da shi ba. Yaro ya zuba tagumi, za a zo a janye hannun a ce kul. Babba ya keɓe ya yi shiru, kafin minti biyar wani ya zauna kusa da shi: "Malam, me ya faru? Tunanin me kake yi?" Wannan kulawa ce, kuma ta ceci mutane da yawa daga abin da ke hallaka waɗanda suka rasa mai tambayarsu. Amma tana da tsada. Mutumin da ke son ya zauna da kansa rabin awa ba don yana cikin damuwa ba, ba shi da hujjar da za a karɓa, in ba lazimi ko barci ba. Waya biyu da ke saukowa daga kunne sun zama hujja ta uku. Ana ganinsu a ƙyale ka. Da yawa daga masu wannan saurare, in da za su faɗi gaskiya, izinin keɓewa suke saye, kiɗan gyara ne.

Ba za a yi wannan magana a Lafiya a tsallake addini ba. Mafi yawan malamanmu suna kan haramcin kayan kiɗa na tsirkiya da na busa, kuma mai wannan shafi ba mai fatawa ba ne. Abin sani dai shi ne saɓanin tsoho ne. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan hadisan hanin ba su inganta ba. Imam Gazali, wanda ya ware babi guda a Ihya'u kan saurare, ya nuna daɗin sauti a kan kansa ba laifi ba ne, in ba haka ba da kukan tsuntsu ma ya haramta, amma ya cire tsirkiya da busa saboda sun zama alamar majalisin mashaya. Wasu matasan da ba sa son shiga saɓanin sai su tsaya ga sautin ruwan sama ko na teku, wanda shi ma yana nan awa goma-goma a YouTube. Abin da ya fi jan hankalina wani ne. Ga Musulmin garin nan, sauraron natsuwa na asali Alƙur'ani ne, muryar Husari ko Abdulbasiɗ ko Alaramma Ahmad Sulaiman, kuma babu fiyanon da zai kama ƙafarsa. To amma Alƙur'ani yana da haƙƙi. A Suratul A'araf an yi umarni a saurara a yi shiru idan ana karanta shi, malamai kuma sun sha jan kunnen masu barin karatu yana tashi a shago alhali ana ciniki da shewa. Ɗalibin da ya san wannan ladabi ba zai so ya mayar da tilawa abin rufe ƙarar janareta yayin da hankalinsa ke kan lissafi ba. Girmamawar da yake yi wa karatun ita ce ta bar masa gurbin da yake cikewa da sautin da bai da haƙƙi a kansa. Kiristan garin kuwa kunnensa ya riga ya saba, domin a majami'u da yawa mai fiyano yana jan sauti a hankali a ƙarƙashin addu'a. Haka nan duk mai kallon fim ɗin Hausa ya san goge mai sanyin da ake sakawa in an zo wurin mutuwa ko saki.

Yanzu ga inda nake da ja da abin. Na farko, kasuwa ta gano shi, kuma kiɗan da aka tsara don kada a kula da shi ya fi kowane sauƙin yi wa jabu. Jerin kiɗan barci ko na karatu mutum yakan kunna ya bari har gari ya waye, bai duba sunan kowa ba, kuma kowane sauraro da ya wuce daƙiƙa 30 kuɗi ne. A 2024 jaridar Dagens Nyheter ta Suwidin ta bankaɗo cewa mutum ɗaya, Johan Röhr, shi ne a bayan sunayen makaɗa fiye da 650 a Spotify, waɗanda aka saurara kusan sau biliyan 15. A 2025 'yar jarida Liz Pelly ta fitar da littafi tana bayanin yadda ake cika irin waɗannan jeri da kiɗa mai araha da kamfanoni ke samarwa da sunayen da babu masu su. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda ke iya zubo awa ɗari na fiyano mai sanyi kafin shayi ya huce. Eno tun farko sharaɗi biyu ya gindaya wa kiɗansa: a iya ƙyale shi, a kuma iya samun abin ji in an juyo gare shi. Kasuwa ta riƙe na farko ta yar da na biyu. Bambancin yana nan ga mai son ganewa. Faifan Richter na 2004, The Blue Notebooks, ya yi shi ne don nuna adawa da yaƙin Iraƙi, kuma ana jin nauyin hakan ko ba a faɗa ba. Na jabun kuwa in ka juyo da hankalinka gare shi, ba za ka tarar da kowa a ciki ba.

Na biyu, kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke saurare, kuma iyakar da ta ba babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Kiɗa mai sanyi ba ya rinjayar injin maƙwabci sai an ƙure shi. Sai ka ga mutum yana neman natsuwa yana kashe kunnensa, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Na uku shi ya fi damuna. Ƙara matsalar gari ce, iyafis kuwa maganin mutum ɗaya ne. Duk wanda ya sayi shirunsa a waya ya rage wa unguwa mutum ɗaya daga cikin waɗanda za su je wurin mai unguwa ko kwamitin masallaci ko dattawan coci su ce a juya lasifika ciki bayan ƙarfe goma. Jariri ba ya sa iyafis, haka tsohuwar da ke fama da hawan jini. Masu ilimi da bakin magana, waɗanda za a ji ƙorafinsu, su ne suka fara samun hanyar tserewa, suka bar ƙarar ga waɗanda ba su da data.

Duk da haka ba na cikin masu cewa wannan baƙon abu ne da bai dace da kunnenmu ba. Yaron Fulani da ke busa sarewa a bayan shanu a dajin Doma ko Awe, ba shi da mai kari, ba shi da ɗan amshi, kansa yake yi wa. Molon kara na mutanen tsaunukan Filato sautinsa bai fi na zance ba. A saurari gurmin Haruna Uji na Haɗeja a 'yan wuraren da ya huta da waƙa ya bar yatsunsa suna zagaye, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya tak a kan ɗan gwangwani. Maimaicin da ake yabo a wurin Turawan nan, sauti kaɗan yana juyawa yana canzawa a ɓoye, shi ne ƙashin bayan kiɗan gurmi da garaya. Muna da kayan. Abin da ba mu yi ba shi ne mu ɗauke su su kaɗai, mu ba su minti arba'in ba tare da murya ta hau kansu ba.

Maƙwabtanmu sun yi. Kora ta Mali, mai tsirkiya 21, ita ma kayan maroƙa ce na gado, aikinta rakiyar kirari. A 1988 Toumani Diabaté ya fitar da Kaira, kora ita kaɗai babu waƙa. A 1999 shi da Ballaké Sissoko suka fitar da New Ancient Strings, kora biyu da aka ɗauka cikin dare ɗaya a Bamako, suna bin sawun iyayensu da suka yi irin wannan aiki a 1970. Einaudin da matasanmu ke saurare shi kansa ya je Mali, ya kuma yi faifai da Ballaké a 2003. A Habasha akwai Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou, 'yar zuhudun da ta rasu a 2023 tana da shekara 99, wadda ta zuba salon ƙasarta a fiyano har duniya ta waiwayo. Mafi kusa da mu shi ne Mamman Sani na Nijar. A 1978 ya ɗauki kaset a Yamai da ogan mai aiki da lantarki, yana juya karin waƙoƙin gargajiyar ƙasar a hankali, galibi babu murya. Kwafin kaɗan aka yi, amma rediyo da talabijin na Nijar suka riƙa saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye shekara da shekaru, har mutane suka haddace shi. Shekara ɗaya kaset ɗin ya fito da faifan filin jirgin Eno. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi, ya sami masu saurare a Turai da Amurka.

Me ya hana mu? Abu biyu. Na farko tabo. Goge da garaya a wurinmu suna ɗauke da warin bori da gidan magajiya, daidai da dalilin da Gazali ya kawo a zamaninsa. Matashin da zai kunna gogen Turawa a ɗakinsa ba tare da ɗar ba, zai ji kunya a ji kukuma tana tashi daga wayarsa, alhali ta fuskar hukunci tsirkiya tsirkiya ce. Na waje ya zo ba shi da tarihi a wurinmu, shi ya sa ya fi sauƙin shiga. Na biyu abinci. Mai gurmi da kiran suna yake ci. In ya yi shiru ya bar yatsu kawai, babu wanda zai tashi ya liƙa masa. Duk wanda ke son ya ɗauke shi haka, sai ya biya shi tun kafin ya zauna, ya biya kuma abin da zai maye gurbin daren biki guda. A Mali an samu mai tsayawa: Lucy Durán, wadda ta koyar a jami'ar Landan, ita ta shirya faifan 1988 da na 1999. Mu ma ba mu rasa wuraren da za su iya ba. Gidan rediyon jiha na NBS da Precious FM suna da ɗakin ɗaukar sauti a cikin garin nan, suna kuma da awannin dare da ake cikewa da maimaici. Jami'a tana da ɗalibai masu neman abin bincike. Tsofaffin masu gurmi da sarewa da molo suna nan a ƙauyukan jihar, kuma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba.

In za a yi, a yi da takarda. Darasin kamfanonin jabu da na Mamman Sani, wanda ƙasa guda ta sha kiɗansa shekaru tsakanin shirye-shirye, duka wuri ɗaya suka nufa: kiɗan da babu murya shi ya fi saurin rabuwa da mai shi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta tanadi haƙƙin mai yin wasa a kan abin da aka ɗauka daga gare shi. A rubuta yarjejeniya da harshen da makaɗin ke ji, a karanta masa a gaban shaidu, a fayyace kasonsa in an ɗora a intanet da kason magadansa in ya rasu, sannan a kunna na'ura.